Mutumin da ke Bangon Mista Dubek

"Kai! Kai mai jar hula! A aljihu ka sa idanun naka?"

Odessa Boykin ta banko ƙofa da ƙafa, cokalin miya a hannu, amma ta makara. Maza biyu ne ke fama da gadon asibiti a kan matakalar baranda. Na gaban yana tafiya da baya, ya ɗora dunduniya a kan tukunyar shukar tumatir ɗinta, tukunyar ta dare gida biyu, ƙasa ta watse.

"Yi haƙuri, madam, ban gani ba."

"Haƙurin ne zai nunar min da tumatir? Nan gefena ne. Ga layi can, ko makaho ya san da zamansa."

Layin kuwa yana nan, na farin fenti, tun daga matakala har jikin bango. Maƙwabcinta Mista Dubek ne ya ja shi da hannunsa shekara ashirin da biyu da suka wuce, kuma duk bazara sai ya sabunta shi. Gida ɗaya ne aka raba biyu, irin na ma'aikatan kamfanin ƙarfe da ke jere a kan tudu, sama da kogin Monongahela. Bangon da ya raba su ba shi da kauri. Tana jin tarinsa, yana jin waƙoƙin cocinta. In ta ƙara muryar rediyo ya daki bango da sandar tsintsiya, ita kuma ta rama da gindin tukunya.

Wata mata mai kimanin shekara arba'in da biyar ta fito daga ɗaya ƙofar, idanunta sun kumbura.

"Misis Boykin, ni ce Marlene. Kin gane ni?"

"Yaya ba zan gane ki ba, ga hancin ubanki a fuskarki? Ba a Arizona kike ba?"

"Jiya na sauka. Likitoci sun sallame shi. Huhun ne, sun ce babu sauran abin da za su yi. Ya ce a gida yake so."

Odessa ta dubi gadon, ta dubi tumatir ɗinta a ƙasa.

"To," ta ce. "Ubangiji ya sawwaƙe."

Da la'asar motar asibiti ta kawo shi. Ya rame har ta kusa kasa shaida shi, wuyansa kamar na tsohon zakara. Ana wucewa da shi ta baranda ya janye robar iskar da ke fuskarsa.

"Ashe kina nan? Na zaci kin riga ni."

"Ina za ni ban ga ƙarshenka ba?"

Mafarin rigimar tasu hoto ne. Da mahaifiyar Odessa ta rasu a 1974, ƙanenta Virgil, wanda kwalbar giya ta riga ta cinye, ya kwashe kayan tsohuwar ya baza su a bakin titi don sayarwa ranar wata Asabar, ita tana wurin aiki a ɗakin wankin asibiti. Mista Dubek yana raba wasiƙu a lokacin, kuma ciwon tara tsofaffin hotunan taurarin zamanin da na besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, ya riga ya kama shi. Babu gidan gwanjon da bai sani ba, babu mamacin da bai leƙa akwatin kayansa ba. Ya tsinci hoton a cikin kwalin takalmi: wani baƙin mutum a tsugune, sulken ƙirji a jikinsa, garkuwar fuska a ture bisa kai, hannun damansa a kan gwiwa, ƙaramin yatsa a lanƙwashe kamar ƙugiya.

Mahaifin Odessa ne, Lemuel Tarver, mai tsugunawa bayan mai duka yana cafe ƙwallo a ƙungiyar baƙaƙen ma'aikatan kamfani. Ta yi shekara goma sha ɗaya a duniya sa'ad da sarƙar ɗaga ƙarfe ta tsinke a kansa ta kashe shi. Ban da wannan, ba shi da wani hoto.

Da Odessa ta ji inda hoton yake, ta je da ladabinta. Har kek ɗin dankali ta gasa ta riƙa. Mista Dubek ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ta yi kuskure, wannan Rufus Banning ne, shahararren mai cafe ƙwallo da ya zaga ƙasar nan tun kafin a haife ta.

"Ga yatsan Baba nan."

"Duk mai cafe ƙwallo yatsansa a karye yake."

"Mista Dubek, kusan shekara arba'in hoton nan yana kan durowar uwata."

Sai ya yi wani murmushi. "To ki tambayi kanki me ya sa uwarki ta ajiye hoton Banning kusa da gadonta. An ce bai taɓa kwana a gari ya tafi bai bar mai kuka ba."

Kwana tara ke nan da binne tsohuwar. Odessa ta manna masa kek ɗin a ƙirjin rigarsa ta aiki. Washegari ya ja layin fenti.

A rana ta uku da dawo da shi, wajen ƙarfe ɗaya, Marlene ta ƙwanƙwasa mata ƙofa da makullin mota a hannu.

"Maganin ciwon ya ƙare, sai a hayin kogi ake samu. Nas ba za ta zo ba sai huɗu. Awa ɗaya kawai, Misis Boykin. Ba ni da kowa a layin nan."

"Ai ubanki ne ya kore su ɗaya bayan ɗaya."

"Na sani."

"In ya shaƙe ba zan buga masa baya ba."

"Zama kawai nake roƙo."

Odessa ta gaya wa kanta don yarinyar za ta je. Amma tana ɗaura ɗankwali ta san ba wannan ne dalilin ba. Shekara ashirin da biyu tana kwana taku biyar daga fuskar ubanta, bango ya tare.

Falon duhu ne da rana tsaka. Labule masu kauri a rufe ruf, don kada rana ta koɗar da hotuna. Sai da idonta ya saba ta ga bangon. Babu wurin da za a aza tafin hannu. Maza masu gashin baki da huluna, wasu riƙe da sanda a kafaɗa, wasu ƙafa a sama za su yi jifa, kowa a cikin gilashinsa, kowa da 'yar takarda a ƙasa an buga sunansa da keken rubutu. Ɗakin yana warin magani da tsohuwar takarda. Injin iska yana gurnani a gefen gado.

Ga hoton ubanta can saman talabijin, a wurin da ya fi ko'ina daraja. A ƙasansa an rubuta: Rufus Banning, 1921.

"Wa ya bar ki kika shigo?" Muryar ta fito ne daga cikin matasai.

"'Yarka. Tausayinta na ji, ba naka ba."

"Kada ki taɓa komai. Hannunki maiƙo ne da shi."

"Hannun nan shekara talatin yana wanke zannuwan da irinka suka ɓata."

Ta ja kujera ta zauna, ta juya masa ƙeya, ta fuskanci hoton. Ta manta ashe gira ɗaya ta fi ɗaya tsayi. Ta manta ashe yana da tsaga a haɓa. Ta daɗe tana kallo, shi kuma yana kallon bayanta yana huci.

"Ruwa," ya ce can.

Ta miƙa masa kofin ba tare da ta juyo ba. Ruwan ya zube a bargo.

"Da gangan kika yi."

"Da da gangan ne, a fuska za ka ji shi."

Aka danna ƙararrawa. Kafin ta kai ƙofa mutumin ya riga ya turo ya shigo, gajere mai tumbi, cikin kwat ruwan toka, yana ƙamshin turare. Ya ce sunansa Fenwick, yana da shagon tsofaffin kayan wasanni a Pittsburgh, Marlene ce ta kira shi ya duba hotunan tunda ba za ta iya kwasar su zuwa Arizona ba. Marlene ta ce masa gobe, amma hanya ta biyo da shi.

"Leon! Tsohon abokina! Yaya jikin?"

"Ungulu," in ji Mista Dubek. "Ko wari ban fara ba ka sauka."

Fenwick ya yi dariya kamar an yaba masa. Ya dubi Odessa. "Ke ce mai aikin?"

"Maƙwabciya ce. Kai kuma ba a koya maka jiran a buɗe ƙofa ba?"

Bai ji ba, idonsa ya riga ya hau bango. Ya zaro gilashin ƙara girma daga aljihu ya shiga bi ɗaya bayan ɗaya, yana tsaki a wani, yana lasar leɓe a wani. Mista Dubek ya yi yunƙurin tashi, gwiwar hannunsa ta ƙi ɗaukarsa.

"Fita min daga gida."

"Yanzu, yanzu. Ah, ga shahararren Banning ɗin. Shekara nawa nake jin labarinsa, ka hana kowa ya matso."

Ya cire hoton daga ƙusa. Odessa ta ji kamar an cire mata haƙori. Ya kai shi bakin taga, ya ɗage labule da kafaɗa, ya duƙa a kansa da gilashinsa. Bai ɗau minti biyu ba ya ɗago yana girgiza kai.

"Haba Leon. Kai da ka san sana'a? Dubi kunnen. Kunnen Banning manne yake da kai, wannan a buɗe yake kamar ƙofar mota. Ga safar ma, zanen ƙungiyar kamfani ne, wajen 1930. Lokacin Banning ya yi tumbi ya daina tsuguno." Ya ajiye hoton a kan talabijin a kife. "Wannan ba kowa ba ne. Wani lebura ne da ke buga ƙwallo ran Lahadi, irinsu dubu. Sai dai in haɗa shi cikin tarkace."

Odessa ta buɗe baki. Shekara ashirin da biyu tana roƙon Ubangiji ya kawo wanda zai ce ba Banning ba ne. Ga shi an faɗa, kuma faɗar ta zo mata kamar mari. Kafin ta samo kalmar da za ta jefe shi da ita, ta ji an fizge robar iska a bayanta.

"Ba kowa ba?"

Mista Dubek ya ɗago kai daga matashi, jijiyoyin wuyansa sun miƙe.

"Kai ne ba kowa ba, ɗan kasuwar banza. Lemuel Tarver ke nan. Huɗu ga Yuli, 1931, filin bayan tashar jirgin ƙasa. Ina shekara goma. Babana ya ce duk ranar da ya gan ni a wasan baƙaƙe sai ya karya ni, na je na leƙa ta ɓular katanga." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Mutum huɗu suka yi ƙoƙarin sacewa da gudu zuwa zango na gaba a kan idonsa. Duka huɗun ya wurga ƙwallo ta riga su, ya fitar da su. Daga tsugune! Ko miƙewa bai yi ba. Ƙwallo ta karya masa yatsan nan ana tsakiyar wasa, ya sa haƙori ya ɗaure da ƙyalle ya koma ya tsuguna. Na ga Banning sau biyu da idona. Bai isa ya ɗaukar wa mutumin nan takalmi ba."

Tari ya sarƙe shi. Injin yana ta hura iska a bargo. Babu wanda ya motsa sai da fuskarsa ta fara shuɗi, sannan Odessa ta ɗauki robar ta mayar masa a hanci, ba da taushi ba.

Ta juya ga Fenwick. "Ka ji mai gida ya ce ka fita."

"Madam, ni da 'yarsa muka..."

"Leburan nan ubana ne. Ka fita da ƙafarka, ko in fitar da kai da kujerar nan."

Ya fita. Ta tura ƙofa a bayansa, ta dawo ta tsaya a kan gadon.

"Ka sani."

Ya rufe ido.

"Buɗe idonka, tsohon banza. Ka sani!"

"Tun kafin in ɗaga shi daga kwalin."

"Shekara ashirin da biyu."

"Da na ce shi ne, dole in ba ki." Maganar tana fita guntu-guntu ta cikin roba. "Ke kin same shi shekara goma sha ɗaya, a gida, a teburin cin abinci. Ni yini ɗaya na samu. Ta ɓular katanga."

"Uba ne a wurina! Kai ɗan kallo ne!"

"Ƙanenki ne ya sayar. Ban sata ba."

"Uwata fa?"

Ya gyara robar a hancinsa.

"Uwata fa, Leon Dubek? Matar da ta yi shekara talatin da tara tana goge benen mutane, ba ta sake kallon wani namiji ba. Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba ka buɗe ƙazamin bakinka. Kuma ka san ƙarya kake."

"Baki ne ya riga ni." Ya kau da kai wajen bango. "Ba zan roƙe ki gafara ba."

"Ko ka roƙa ba ka samu."

Ta je ta ɗauki hoton. Ya fi yadda take zato nauyi. Ta goge gilashin da gefen rigarta.

"Ajiye shi," ya ce. "Nawa ne har in mutu."

Ƙofa tana nan taku huɗu. Ba zai iya ko ɗaga ƙafa ba, kuma babu alƙalin da zai ga laifinta. Ta tsaya da hoton a ƙirji, tana jin kakarin numfashinsa. Sai ta sa farce ta ɓanɓare 'yar takardar da ke ɗauke da sunan Banning, ta murƙushe ta, ta jefa cikin kofin ruwansa. Ta ja teburin magani kusa da fuskarsa, ta ture kwalabe gefe, ta jingina hoton a wurin.

"Ba zan yi sata a gidan ɓarawo ba. Ga shi nan, kalle shi da kyau. In kun haɗu a can, kai da bakinka za ka gaya masa abin da ka ce a kan matarsa."

"Muguwa."

"Sai ka yi sauri. Na gaji da jira."

Da Marlene ta dawo da ledar magani ta tarar da su haka, ɗaya a kujera ta harɗe hannu, ɗaya a gado idonsa a kan hoto. Odessa ta miƙe ta wuce ta.

"Mutumin shagonki ya zo na kore shi. In za ki sayar da kayan ubanki, ki bari ya yi sanyi tukuna."

Ba ta sake shiga ba. Ranar Alhamis ta dafa miyar kaza ta miƙa wa Marlene ta baranda, ta ce, "Taki ce. Kada in ji kin ba shi." Marlene ta ce ai ya daina cin komai, ya kuma hana a matsar da teburin, ko nas ta taɓa sai ya yi gurnani. Ranar Juma'a limamin cocinsu ya zo da 'yar jakarsa. Ta bango Odessa ta ji muryar limamin tana tashi tana sauka, ta kasa kunne ko za ta ji ta tsohon, ba ta ji ba. Ta kunna rediyo, ta ƙara murya fiye da yadda ta saba. Ba a daki bango ba. Ta kashe.

Ranar Asabar da hantsi tana gugar rigar coci sai ta lura gidan ya yi wani irin tsit. Gurnanin injin da ya kwana biyar yana ratso bango ya ɗauke. Jim kaɗan ta ji Marlene ta kira "Baba" sau biyu, na biyun ba irin na farko ba.

Ta ƙarasa guge hannun rigar. Ta zare wayar dutsen guga, ta rataye rigar, sannan ta fita.

Marlene tana tsaye a tsakiyar falo da wayar tarho a hannu, ta rasa wa za ta kira. Odessa ta karɓe wayar ta zaunar da ita. Ta ga mutuwa a asibiti fiye da yadda za ta iya tunawa. Ta cire masa robar, ta shafa idanun suka rufu, ta naɗe tawul ta tokare haɓar, ta miƙar da ƙafafun tun ba su sandare ba. Ta jiƙa ƙyalle ta goge masa baki. Hannunta bai yi masa a hankali fiye da yadda aiki ya buƙata ba.

"Na gode, Misis Boykin."

"Ba don shi na yi ba."

Marlene ta ɗauko hoton daga tebur ta miƙa mata da hannu biyu. "Jiya ya ce in ba ki. Ya ce kada ki rataye shi inda rana ke bugawa."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

Marlene ta sunkuyar da kai.

"Faɗi mana."

"Ya ce ya san ba za ki ji ba, don kanki ya fi na jaki tauri."

Odessa ta dubi gawar. Ta jira ta ji ko wani abu zai saki a ƙirjinta. Babu abin da ya saki.

"Kira nas ɗin tukuna," ta ce. "Ita za ta gaya miki na gaba."

Ranar Talata aka binne shi. Ba ta je ba, ko da yake Marlene ta roƙe ta sau biyu. Ta taga ta ga motoci uku kacal sun gangara tudu cikin yayyafi. Ta haɗa kofi ta zauna a kicin, hoton a jingine da gwangwanin sukari. Mutumin da ke ciki bai kai jikanta na fari shekaru ba. Ta yi ta kallonsa har kofin ya huce.

Da ta leƙa baranda, jaridar safe tana yashe a bakin ƙofar Mista Dubek, ruwa yana feso mata. Ta tsaya tana dubanta. Can ta je ta ɗauka, ta kakkaɓe ruwan a jikin siket ɗinta, ta soka ta a hannun ƙofar inda yayyafi ba ya kaiwa.